Wanda Ya Amsa Sunana

Tasi'u, ƙanena,
motar dare ta sauke ni Agege da asuba.
Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kwata ta batse,
na tsallake layin dogo da takalmi a hannu
ina bitar gaisuwar da zan yi maka.
Ina ɗaga labule duk ta zube.

Kana durƙushe, ka tallabe ƙeyar Baba,
cokali ɗaya na kunu, sai jira,
ka goge haɓa, sai wani cokalin.
Ba ka ji shigowata ba.
Na tsaya kamar baƙon da ya yi ɓatan gida.

Wata goma sha ɗaya.
Ni daga Gusau nake jinya, ta waya:
"Ya jikin?" "Da sauƙi."
In tura abin da ya samu ƙarshen wata,
in ja bargo har da minshari.
Kai ka san nauyin "da sauƙi".
Ka goya shi daga saman bene zuwa titi,
ka rungume shi a danfo cikin cunkoson Oshodi,
ka bi layin kati a Idi-Araba tun ladan bai tashi ba.
Likita ya zuba Turanci,
ka rairaye labarin, ka tsince tsakuwar,
ka ba Baba abin da zai iya haɗiyewa.

Rumfarka ta gyaran waya tana kulle,
tsatsa ta ci kwaɗon.
Babur ɗin ma ba daga bakinka na ji ba,
Iya Sikira ta ƙasanku ce ta tare ni a matakala:
"Ya sayar tun kafin Sallah. Ba ka sani ba?"
Ban sani ba.
Ban tambaya ba, shi ne gaskiyar.

Mutumin da ya shekara arba'in
yana sauke huhun goro daga Shagamu,
yau haƙorinsa ba ya fasa ɓari guda.
Ka huhhuda murfin gwangwani da ƙusa
kana goga masa farin goro,
ɗan mitsitsi a kan harshe,
don bakinsa ya tuna ko shi wane ne.
Wa ya koya maka wannan?

An ɗauke wuta, janaretan maƙwabta na gurnani,
mafici a hannunka har ya lotsa.
Ka juya shi dama, ka shafa man kaɗanya,
ka juya shi hagu.
Jirgin ƙasa ya wuce, langa ta motsa a kan kanta,
ka kama tafinsa ka ɗora a dutsen taimama,
kana karantawa, leɓensa na bin ka a baya.

Can tsakar dare ya buɗe ido.
"Sagiru."
Na yunƙura, ashe ka riga ni:
"Na'am, Baba."
Ya damƙe hannunka, ba nawa ba,
ya ce, "Allah ya yi maka albarka, kai da ka zauna."

A baranda ka ce, ba ka ko kalle ni ba,
"Tun azumi yake kirana da sunanka.
In na gyara masa, me zai ƙaru da shi?"

Ashe albarkar da nake gani a kasuwata
guminka ce, da sunana a jiki.
Kai ka yi noma, ni aka auna wa.

"Na gode" ta yi mini kaɗan a baki,
kamar a biya kuɗin rijiya da kofin ruwa.
Duk da haka karɓi, ita gare ni.
Mai rubutu ba ya rikita suna,
ya san kafaɗar da ta yi goyo.

Miƙo maficin, je ka kwanta.
Amma nuna mini tukun
inda ake sa hannu a ƙeyar.
In ya farka ya kira,
ko Sagiru ya ce, ko Tasi'u,
yau ni zan amsa.